Bindigar Da Ta Kwana Goma Sha Biyu Cikin Ruwa

Ran wata Asabar da hantsi, cikin watan Disamba na 2024, wani dattijo na unguwar Gwange a Maiduguri ya tsaya a bakin lambunsa da ke fadamar Jere, ya dafa gindin bindigarsa a kafaɗa, ya auna wani gwangwanin madara da jikansa ya ɗora a gaban tudun yashi, sa'an nan ya ja kunama. Ba a ji kome ba sai "ƙyas", kamar an ƙyasta ashanar da ta sha raɓa. Jikan, saurayi mai shekara goma sha tara, ya yi wuf ya miƙa hannu zai kama bakin bindigar don ya leƙa ciki.

"Kai! Janye hannunka!" inji tsohon, da muryar da yaron bai taɓa jin irinta daga gare shi ba. Ya ci gaba da riƙe bindigar tana fuskantar tudun, leɓunansa na motsi, har ya ƙirga talatin, kana ya zare harsashin. Duk wanda ya daɗe da bindiga ya san cewa harsashin da ya ƙi tashi ba lalle ne ya mutu ba. Wani lokaci wutar takan yi jinkiri a cikin kwanso, ta kama bayan mai harbi ya fid da rai, kuma an sha yin jana'izar waɗanda suka leƙa don su ga dalili.

Bindigar nan ba ta yaƙi ba ce. Ƙarama ce mai lamba .22, nauyinta bai kai kilo biyu da rabi ba, ƙirar Browning, irin wadda John Moses Browning ya tsara, masana'antar FN ta Herstal a ƙasar Beljiyam ta fara ƙerawa a 1914. Tana cin harsashi 11, ana ɗura su ta wata 'yar ƙofa a gefen katakon gindinta, su jeru cikin wani siririn bututu da ya ratsa katakon. In an harba sai ta tofar da kwanson ta ƙasa, ta ɗauko wani harsashin da kanta. Wanda ya ƙera ta bai yi tunanin mai babbar riga ba, domin Alhaji yana da tabo biyu a damtsen hagu, na kwanso mai zafi da ya faɗa masa cikin hannun riga. Ya saye ta a 1972, yana direba a Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa maso Gabas, daga hannun wani Bature mai haƙa rijiyar burtsatse da zai koma gida. Da ita ya ciyad da iyalinsa zabi da fakara a shekarun da nama ya yi tsada, da ita kuma ya yi ta korar gafiya da zomaye daga lambu.

Tun daga 2009 kuwa, watau tun da ƙarar bindiga ta canja ma'ana a garin Shehu, sai ya raba ta biyu, ya naɗe a tsohon zane, ya tura ƙarƙashin gado. Ba ya fito da ita sai da dalili. Ran 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari cikin dare ya mamaye Gwange da Fori da Kasuwar Litinin har fadar Shehu, ambaliyar da ba a ga irinta ba tun ta 1994, Alhaji ya fita da ruwa iya ƙirji. Abu ɗaya ya ɗauka, ya ƙunshe a leda ya cusa cikin hula: littafin lasin ɗin bindigar. 'Ya'yansa sun yi ta yi masa dariya daga baya, wai ya bar doki ya gudu da linzami. Amma shi ne da gaskiya. A Maiduguri, takarda ba bindiga hasara ce kawai, bindiga ba takarda kuwa masifa ce. Sai bayan kwana goma sha biyu ya samu komawa gidan, ya tono ƙunshin daga cikin laka.

Jikan ne ya ɗauki nauyin gyara, da kyakkyawar niyya. Ya wanke ta, ya shanya, ya yi mata wanka da baƙin man Keke Napep ɗinsa har tana ɗiga. Harsasan ma ya goge su ɗai-ɗai suna ƙyalli. Sakamakon wannan hidima shi ne "ƙyas" ɗin da aka ji a bakin lambu.

Mako na zagayowa suka koma su uku, bayan an sanar da Bulama da 'yan sandan yankin cewa za a ji harbi, kada hankalin manoma ya tashi. Na ukun wani tsohon Saje ne na 'yan sanda, abokin Alhaji tun ƙuruciya, wanda ya yi shekara ashirin yana kula da ma'ajiyar makamai kafin ya yi ritaya. Bai taɓa bindigar ba tukuna. Harsashin da ya ƙi tashi ya ce a ba shi, ya kusanto da shi idonsa, ya yi ta juya shi.

"Alhaji, ba ita ce ta ƙi ba. Dubi nan."

A gefen gindin kwanson akwai wani ɗan zane mai zurfi, shaidar cewa allura ta sara yadda ya kamata. A nan ne hikimar wannan harsashi take, a nan ne kuma rauninsa yake. Manyan harsasai suna da ɗan maɓalli a tsakiyar gindi, wanda allura ke duka. Shi kuwa na .22, wanda aka fara yi a Amurka a 1887, ba shi da wannan maɓalli. Maganin kama wutar ana zuba shi ne cikin lanƙwasar leɓen kwanson, zagaye, allura ta matse leɓen a kan ƙarfen bututu, wuta ta kama albarushi. In maganin bai zagaya daidai ba a masana'anta, sai allura ta faɗa inda babu kome, kuma sau da yawa in aka juya harsashin aka sake gwadawa yakan tashi. Bugu da ƙari, dalmar da ke kansa ba ta toshe bakin kwanson tam ba, har ana iya murɗa ta da yatsa. Danshi na shiga ta nan, mai ma na shiga. Harsashin da ya kwana goma sha biyu cikin ruwan Ngadda, kome ƙyallinsa, gawa ce da aka yi wa kwalliya.

Alhaji bai so jin haka ba, domin kwali huɗu ne, kuma samun harsashi ta hanyar halal a wannan zamani ba ƙaramin aiki ba ne. Ya nace a gwada wani. Wannan ya tashi, amma da wata 'yar ƙara kamar tarin akuya, gwangwani bai motsa ba, yashi bai tashi ba. Saje ya ɗaga hannu. Ya karɓi bindigar, ya zazzage sauran harsasan, ya murɗe bututun ya cire, ya ɗaga shi sama ya leƙa ta baya. Babu haske. Dalmar ta tsaya a tsakiyar hanya, domin albarushin da ya jiƙa bai da ƙarfin fitar da ita. Da an sake harba wani a bayanta, da bututun ya kumbura ko ya tsage, kuma hannun hagun mai harbi yana daidai wurin. Da sandar tagulla ya tura ta waje. Daga nan Alhaji bai sake maganar kwalaye huɗu ba, Saje ya tattara su don a miƙa wa hukuma ta lalata.

To, da aka kawo busasshen harsashi daga wanda Alhaji ya ajiye a gidan 'yarsa a Bulumkutu, inda ruwa bai kai ba, sai bindiga ta tashi, tas. Jikan ya yi tsalle. Amma harbi na biyu bai zo ba. Kwanson farko ya maƙale rabi ciki rabi waje, ƙarfen da ke kai da komowa ya cije shi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda irin wannan bindiga ke sarrafa kanta, domin abin ba shi da wuya. Babu wani makulli da ke riƙe ƙarfen nan a bayan harsashi, illa nauyinsa da sifirin da ke tura shi gaba. Ƙarfin da ya kori dalma gaba shi ne ke tura kwanso baya, kwanso ya tura ƙarfen, ƙarfen ya ja da baya ya zubar da kwanson, sifirin ya dawo da shi ya kwaso sabon harsashi. Dukan wannan aiki ana yinsa ne da ƙarfin albarushin da bai cika kan ɗan yatsa ba, wanda aka auna don dalma mai nauyin giram 2.6. Saboda haka ba ta da rarar ƙarfi ko kaɗan. Abin da babbar bindigar soja za ta take ta wuce, ita zai durƙusar da ita.

Saje ya shimfiɗa buhu, ya zaro cikinta ta ƙasa. Baƙin man nan ya haɗu da ƙurar hunturu da sauran lakar ambaliya, ya zama wani abu kamar kwaɓin kwalli. Ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, inji na son mai, wannan kuwa ɗigo biyu take so. A ƙasarmu mai shi ke kiran ƙura." Ya wanke kome da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya goge ƙarau. Ya fi daɗewa a kan ɗakin harsashi, watau farkon bututu inda kwanso ke zama, domin tsatsa ta yi masa ƙuraje, kwanso in ya buɗe da zafin harbi sai ya kama su ya ƙi fita. Kakin da ake shafa wa dalmar wannan harsashi ma yakan narke a zafin Maiduguri, wanda kan haura digiri 40 a bazara, ya taru a nan ya daskare. Sai ɗan ƙugiyar da ke fisgo kwanso, wanda laka ta cika ƙarƙashinsa har ba ya iya kama leɓe. Bututun cikin katako kuwa, da aka zare shi, jar ƙasa ce ta zubo kamar an juye kwarya, sifirin ɗinsa ya yi tsatsa yana tafiya yana tsayawa, shi ya sa harsashi ba ya isowa kan lokaci.

Wani abu kuma Alhaji da kansa ya gano shi, da ya riƙe ta ya ji bututun yana ɗan girgiza a mahaɗarsa. Wannan ƙirar tana da zobe a gindin bututu wanda ake murɗawa a ɗaure mahaɗar in ta saki. In aka bar ta sake, harsashi yakan ɗan ja gaba lokacin da allura ta same shi, saran ya yi rauni. Saje ya ɗaure, kaɗan-kaɗan, yana gwadawa.

Yana cikin haka sai ya tsaya. Ya sa farce a bakin ɗakin harsashi, ta inda allura ke sauka, ya ji wani ɗan tudu. Ya ɗago kai bai ce kome ba. Saurayin ya sunkuyar da nasa.

"Kaka, gwadawa na yi ta yi, in ji ko tana aiki."

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Jan kunama babu harsashi a ciki, a yawancin tsofaffin bindigogi masu irin wannan harsashi, yana sa allura ta doki ƙarfen bututu kai tsaye. Ƙarfen ya lotsa ya turo leɓe ciki, ya riƙa kama kwanso, kan allurar kuma ya dakushe. Ambaliya ta yi nata, amma wannan rauni na hannun masoyi ne, kuma shi ya fi wuyar magani. Saje ya ƙi sa magagari, domin abin da aka goge ya tafi ke nan. Da wani santsin ƙarfe ya yi ta danna tudun a hankali har ya koma mazauninsa.

Bayan la'asar aka ɗura biyar. Uku suka tafi a jere, na huɗu ya tsaya a hanya. Babban sifirin ya gaji, shekara hamsin da biyu da kwana goma sha biyu na ruwa sun ishe shi. Saurayin ya ce akwai masu gyaran babur a Tashar Bama da ke da sifirin iri-iri, ko kuma a ja wannan ɗin ya ƙara tsawo. Saje ya ce a'a, kuma a nan ya nuna shi gwani ne, domin gwani shi ne wanda ya san inda gyara ya ƙare. Sifirin da aka ja yakan koma yadda yake bayan harbi kaɗan, wanda ba nata ba kuwa zai iya barin ta tashi alhali ƙarfen bai gama rufewa ba, kwanso ya fashe a gaban fuskar mai harbi. Sai an samo nata na ainihi ta hannun dillali mai lasin, in an samu. Kafin nan, harsashi ɗaya-ɗaya za a riƙa sa mata.

Alhaji ya karɓa, ya sa ɗaya, ya auna gwangwanin da bai fi taku ashirin da biyar ba. Yashi ya tashi kamu guda a hagunsa. Ya sake, ya sake tashi a wuri ɗaya. Mutumin da a da yake zaɓen zabo a cikin garke ya sauke bindigar, ya murza idonsa na dama, wanda yana ta fara rufewa tun bara, abin da ya ɓoye wa kowa a gida.

"Saje, ita ce ko ni ne?"

Saje ya sa ɗaya ya harba, gwangwanin ya yi tsalle ya faɗa bayan tudu.

Saurayin ya matso, idonsa a kan bindigar. Alhaji ya san abin da yake so, ya kuma san Dokar Bindigogi ta 1959 ta ba da lasin ne ga mutum ɗaya da sunansa, ba a gadonsa kamar gona. Ya murɗe bututun ya raba ta biyu, ya naɗe a sabon zane, ya saƙale a hammata.

"Ran Litinin ka kai ni asibitin ido," inji shi. "In mun fito, mu biya hedkwatar 'yan sanda mu tambayi yadda ake yi da ita. Ɗauko gwangwanin nan, kada akuyar wani ta sa kai ciki."