Bakteriyar hanji ba ta magana cikin minti biyar

1/ Duk mai kallon CSI ko NCIS ko Bones ya san wurin nan: ga gawa a kan tebur, likita ya ɗebo wani abu daga cikinta ya sa a na'ura, kafin a dawo daga talla kwamfuta ta faɗi abin da ya kashe mutumin, har da ƙarfe nawa ya cika. Mu masu karatun ƙananan halittu wurin nan na ci mana rai wallahi.

2/ Mu fara da lokaci. A lab, in ka shafa samfur a faranti ka sa a inkubeta, sai ka jira awa 18 zuwa 24 kafin ka ga abin da ya tsiro. Gane ko wace ce kuma wani aikin ne na kwana ɗaya ko biyu. In wuta ba ta ɗauke ba ke nan. Kuma yawancin bakteriyar hanji ba sa shiri da iskar oksijin, da yawa suna mutuwa tun kafin su kai faranti.

3/ Sai ka ga jami'i ya zaro ido wai an samu E. coli a cikin mamaci. To sai me? Ni ma ina da ita, kai ma da kake karantawa kana da ita. A 2016 masu bincike a Cibiyar Weizmann sun ƙiyasta cewa baligi na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinsa kuma tiriliyan 30. Mafi yawansu a babban hanji suke zaune, suna taya mu narkar da tuwo.

4/ Da rai ya fita, garkuwar jiki ta tsaya, su ne ke fara cin gawa daga ciki. Shi ya sa alamar farko ta ruɓewa kan zama kore-kore a ƙasan ciki ta hannun dama, inda babban hanji ya fara. Daga nan sai kumburi. Saurin abin ya danganta da zafi. Gawar da ta kwana a sanyin Landan da wadda ta kwana a Garki cikin zafin Afrilu ba lissafi ɗaya ba ne.

5/ Ana bincike a kan amfani da bakteriya wajen gane lokacin mutuwa, wannan gaskiya ne. Jessica Metcalf da abokan aikinta sun gwada da ɓeraye a 2013, tsawon kwana 48, kuskuren lissafinsu ya kai kusan kwana 3. Kwana fa, ba minti ba.

6/ Ga wanda ya fi tsorata ni. Bakteriyar da ke ruɓar da gawa na iya mayar da sukarin jiki barasa. Wato mutumin da bai taɓa kai giya bakinsa ba, in gawarsa ta daɗe a zafi, ana iya auna jininsa a ga barasa. A fim, da an gani an gama: mashayi ne. Likitocin gaske sukan ƙara auna ruwan ido da fitsari don su bambance. Ka ƙaddara a garinmu ne aka ce an samu giya a jinin wani dattijo mai sahun gaba. 'Ya'yansa da jikokinsa ne za su ɗauki abin kunyar.

7/ Nan gida kuwa namu finafinan da nasu salon. A barbaɗa farin gari a miya, loma ɗaya, kumfa a baki, shi ke nan. Mun kalla har ya zauna mana cewa duk wanda ya ci abinci ya faɗi, sa masa aka yi.

8/ Alhali shinkafar da ta kwana ba a firji ba tana iya tara dafin Bacillus cereus, ɗumame ba ya kashe shi, amai cikin 'yan awoyi. Staphylococcus daga hannun mai girki ma haka. Kwalara kuwa kan tsotse ruwan jikin ƙato ta kashe shi a yini guda. A 2021 sama da mutum dubu 100 aka yi zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari.

9/ Amma a gidan biki in mutum biyar suka kwanta, wa ake kallo? Amarya ko kishiya. Mu kuma ba ma jinkirta jana'iza, kafin la'asar an kai mamaci makwancinsa, an wanke tukwane. Babu samfur, babu gwaji, sai zargi. Na san matar da har yau ba a cin abincinta a dangi saboda irin wannan.

10/ Ba wai babu guba ba ne. Fiya-fiya na kisa, kuma tana da alamunta: yawu na dalala, gumi, ƙwayar ido ta tsuke. Kwalara kuma gudawa ce fara kamar ruwan shinkafa. In abu ya faru, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari in gudawa ce, a garzaya asibiti, sauran abincin kuma kar a zubar, a rufe shi a tafi da shi.