Ƙwallon Gashi da Iskar Haɗejiya

Ina aji biyu na sakandare a Haɗejiya wani malaminmu ya dawo daga hutu da raket huɗu da ƙwallayen gashi cikin kwali. Ya ɗaura raga tsakanin darbejiya biyu, ya ce wannan shi ne badminton. Kafin mako ya zagayo duk ƙwallayen sun kakkarye. Da yake mu 'ya'yan fadama ne, muka roƙi wani maharbi gashin dinya, muka sossoka a totuwar masara. Tana tashi kam, sai dai inda iska ta ga dama take sauka. Da hunturu ya kankama muka naɗe raga, kowa ya koma tamaula.

Sai da na girma na fahimci cewa ba laifin totuwarmu ba ne kaɗai. Ƙwallon gaskiyar ma gashin dinya ne guda 16, nauyinta kusan giram 5, saboda haka ko hucin iska yana karkatar da ita. Hafsoshin sojan Ingila ne suka tsara wasan a garin Puna na Indiya wajen 1870, daga wani tsohon wasan yara. Ya ari sunansa daga gidan Badminton na wani basarake a Ingila, ya kuma shiga gasar Olamfik a 1992. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: fili mai tsawon mita 13.4, raga mai tsayin mita 1.55, kada ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɓangarenka, wanda ya fara kai maki 21 da ratar biyu ya ci zagaye. Amma a cikin zaure ake gasarsa, inda iska ba ta shiga.

Abin da ya dawo mini da wannan tarihi 'yata ce. Ta ga Mariam Eniola Bolaji ta ciyo wa Nijeriya tagulla a gasar naƙasassu ta Paris a 2024, ta ce, "Baba, ni ma ina so." Na yi shiru, domin na san ba zan bar budurwa tana tsalle a filin unguwa ba, kuma ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. To amma wannan wasa ne da ba a gogayyar jiki, ana yin sa da sutura cikakkiya, bayan ƙofa a rufe. Ban san wani wasa da ya fi dacewa da 'ya'yanmu mata ba.

Zauruka kuwa muna da su. Yawancin makarantunmu na da ɗakin taro da ba a buɗewa sai ranar jarrabawa, ko in ambaliya ta koro mutane daga ƙauyukan bakin kogi. Fenti, raga da raket ba su kai kuɗin walimar yaye ɗalibai guda ba.

Na kai wa shugabar makarantar su 'yata wannan shawara a rubuce, haɗe da raket biyu. Ta ce rufin zauren ya yi ƙasa. Ranar Asabar zan je da tef mu auna.