Na Hukunta Littafin da Ban Karanta Ba

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata makarantar kwana ta 'yan mata a yankin Ƙaura Namoda, kuma a mafi yawan shekarun nan ina sahun gaba wajen ƙwace littattafan soyayya daga hannun ɗalibai. A lokacin ban taɓa karanta ko guda har ƙarshe ba. Bangon kawai nake kallo in yanke hukunci.

Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Tun shekarun 1990 masana ke ja-in-ja a jaridu kan waɗannan littattafai: Ibrahim Malumfashi yana sukar abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu yana kare shi. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta, mu kuma nan Zamfara muka ji kamar an buga mana hatimi. Littattafan suna zuwa daga Kano, su sauka kasuwar Ƙaura da ta Shinkafi, yara su karɓo haya su ɓoye cikin hijabi, mu kuma muna bin akwatuna muna zazzagewa.

Wata rana na kama wata ɗaliba 'yar wajen Zurmi da littafi a cikin na lissafi. Ita ce ta fi kowa iya insha'i a ajinta. Na fito da ita gaban taron safe, na ɗaga littafin sama, na ce ga irin waɗanda aure kawai ke ransu. Da aka watse ta same ni, ta durƙusa ta ce, "Malama, don Allah kin karanta shi?" Na ɗauki tambayar rashin kunya, na ƙara mata horo. Daga ranar ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba.

Sai da hutu ya zo na buɗe littafin. Wa Zai Auri Jahila? ne, na Balaraba Ramat Yakubu. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta, saurayinta ya guje ta don ba ta yi karatu ba, aka ɗaura mata aure da dattijo sa'an mahaifinta, ta gudu, ta koma neman ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Daga baya na ji cewa a gidan ɗalibar nan ana maganar cire ta a yi mata aure. Ashe rayuwarta take karantawa, tana neman mafita. Zangon da ya biyo baya ba ta dawo ba. Ba ni na cire ta ba, amma a lokacin da take bukatar babba guda da za ta faɗa wa damuwarta, ni ce na tozarta ta a gaban ɗaruruwan 'yan uwanta. Har yau ina neman gafarar Allah kan wannan.

Bayan haka na zauna na karanta littattafan da na ƙwace, waɗanda suka cika kabad ɗina. Ba duka suka wanke kansu ba. Akwai masu gina mutum, irin su Alhaki Kuykuyo Ne, akwai kuma waɗanda suka cancanci suka mai zafi. A da yawa daga cikinsu jarumin ɗan masu kuɗi ne, miskili, mai zafin kishi. Yana hana yarinya ƙawaye, yana tsawata mata, wani lokaci har da mari, marubuci kuma ya kira wannan tsananin so. Ita kuwa jarumar fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, ba ta da wani buri sai ya dube ta. Yarinya mai shekara 15 da ta sha irin wannan labari tana iya shiga gidan miji tana zaton wulaƙanci alamar ƙauna ce. Wannan ita ce illar da ya kamata in nuna wa ɗalibaina, amma ban san da ita ba, domin ban karanta ba.

Irin wannan ta faru a Amurka. A 2005 Stephenie Meyer ta fitar da Twilight, labarin Bella, 'yar shekara 17, da ta kamu da son Edward, matacce mai shan jini wanda ya haura shekara 100 amma yana da kamannin saurayi. Jerin littattafan ya sayu fiye da kwafi miliyan 100. Masu suka sun kasu gida biyu. Wasu sun karanta suka nuna inda gizo ke saƙa: Edward yana shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci, ya taɓa lalata motarta don kada ta ziyarci abokinta, ita kuma da ya tafi ya bar ta sai ta shafe watanni kamar ba ta raye. Wasu kuwa 'yan matan da ke karantawa suka mayar abin dariya. Na farkon sun ba yara ma'aunin bambance so da mallaka. Na biyun sun koya musu ɓoye abin da suke karantawa kawai. Ni a lokacin a gida na biyu nake.

A wajenmu asarar ta fi tsada. An kai hari makarantar 'yan mata ta Moriki a 2019, an sace ɗalibai 279 a Jangebe a 2021, makarantu suka daɗe a rufe. A ƙasar da karatun ɗiya mace ke rataye da zare, yarinyar da za ta cinye shafi 200 don kanta, ba bulala ba jarrabawa, dukiya ce. Kuma wannan adabi ba baƙo ba ne gare mu: Hafsat Abdulwaheed, wadda littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980, ta yi zaman shekaru a Gusau.

Yau littattafan sun koma waya, ana tura su ta WhatsApp da Wattpad, wasu da batsa ƙarara, kuma babu akwatin da za a zazzage. Abin da nake yi yanzu shi ne in karanta tukuna. Mai batsa ina hana shi, a keɓe, tare da faɗin dalili. Sauran ina kawo su aji mu tattauna. Nakan tambaya: da ƙanwarki ce wannan saurayi ke nema, za ki so a ba shi ita? Amsoshin da nake ji sun fi sukar da na taɓa yi kaifi, domin daga bakin waɗanda suka san labarin suke fitowa.

Malamai da iyaye, ku soki littafi iya son ranku, amma bayan kun karanta shi, kuma ku raba shi da mutuncin yarinyar da ke riƙe da shi. Duk ɗiyar da aka kunyata kan abin da take karantawa ba za ta daina ba. Za ta daina faɗa mana ne, ta zauna ita kaɗai da darasin da ya fi muni a cikin littafin.