Daga Zangon Kumasi Zuwa Ejisu

Ƙanina ne ya matsa mini in je in ga inda ya koma da iyalinsa, tun bayan da ɗaki ɗaya a unguwarmu ta Aboabo ya yi musu kaɗan. Na bar gida da hantsi, na ɗauki pragya, wato keke mai ƙafa uku, zuwa mahaɗar Anloga, daga nan na shiga motar haya ta trotro mai zuwa Ejisu. Yaron mota na leƙe ta taga yana kiran sunan garin, kuɗin canji a naɗe tsakanin yatsunsa.

Tafiyar ba ta wuce kamar kilomita 20 ba, a kan babbar hanyar Accra. Ɓangarenmu a sake yake. Ɗaya hannun kuwa, na masu shiga Kumasi, ya cushe tun daga ƙofar jami'ar KNUST har Kentinkrono: ma'aikata, ɗalibai, mata 'yan kasuwa da kwanduna a cinya, kowa ya nufi kasuwar Kejetia ko Adum a tsakiyar gari. Waɗannan su ne mutanen da suke kwana a wani gari, su nemi abinci a wani. Muka wuce Oduom, muka wuce Fumesua inda cibiyar binciken amfanin gona take, ban ga inda gine-gine suka yanke ba. Dajin da muka sani muna yara duk ya koma bulo da kwanon rufi.

A Ejisu na tarar da gari mai tsayuwa da ƙafarsa. Akwai asibitin gwamnati, akwai makarantar sakandare ta Ejisuman, ga bankuna, ga rumfunan tura kuɗi ta waya a kowace kwana. Ƙidayar 2021 ta nuna gundumar na da mutane fiye da 180,000. Amma kasuwa ce ta riƙe ni. Doya da ayabar dafuwa da rogo suna zuwa kai tsaye daga ƙauyuka, da ƙasar gona a jikinsu. A layin mahauta na ji Hausa tana tashi, na yi sallama, wani dattijo ya ɗago daga kan gungumen sara ya amsa.

"Daga wace unguwa, ɗana?"

"Aboabo, Baba."

"To, kai ma kana tafe kenan. Duk haka muka fara, da ziyara."

Ya auna mini nama, ya ƙara gyara, ya nuna mini hanyar Zangon garin da wuƙar hannunsa.

Ba a zuwa Ejisu a tsallake Yaa Asantewaa, sarauniyar garin da ta jagoranci yaƙin 1900, lokacin da gwamnan Turawa Frederick Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Asante. An kama ta, aka kai ta tsibiran Seshel, can ta rasu a 1921. Abin da ba mu cika faɗa wa 'ya'yanmu ba shi ne, cikin sojojin da Turawa suka yi yaƙin da su akwai Hausawa. Yau ga jikokin ɓangarorin biyu suna ciniki a kasuwa ɗaya, suna gaisawa da harshen Twi. Wannan zaman lafiya abu ne mai tsada, ya kamata mu san darajarsa. A Besease, dab da gari, tsohon ɗakin tsafin Asante yana nan, ɗaya daga cikin gine-ginen da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980. Bonwire, garin masaƙan kente, ita ma ba nisa.

Gidan ƙanina ɗaki biyu ne da falo, da tsakar gida inda yara ke gudu, da rijiyar burtsatse a maƙwabta. Matarsa ta kawo wake da shinkafa da yajin shito, muka zauna a tabarma. Ya ce haya ta fi ta cikin Kumasi sauƙi, ko da yake nan ma masu gida kan nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa. Abin da ke cin sa shi ne hanyar zuwa aiki. Kafin asuba yake tashi, sau da yawa sai bayan isha yake shigowa, yara sun yi barci.

"Yaya, fili na samu," in ji shi, "amma makarantar allo ta yi wa yara nisa."

Nan ne damuwata. A Zango yaro yana buɗe ido ya ga masallaci, ya ji karatu, kowace uwa a layi uwarsa ce. Wanda ya fita shi kaɗai ya sami iska da sarari, amma ya bar wannan a baya. Na fi son in ga 'yan Zango suna fita a ƙungiya, gida biyar ko goma su nemi filaye kusa da juna. Filayen Asante a hannun sarakuna suke, don haka a karɓi takardar sarki, a kai ta hukumar filaye a yi rajista kafin a aza bulo ko ɗaya. Kuma tun ranar awo a ware wurin masallaci da makaranta, domin idan gine-gine suka tashi ba za a ƙara samun wurin ba.