Daren Da Muka Ɗauko Yaronmu A Ƙofar Gidan Rawa



Ƙarfe biyu da rabi na daren wata Asabar aka bugo mana waya. Wani mai tsire ne ɗan Arewa da ke kasa nama a ƙofar wani kulob a Ikeja. Ya ce mu yi maza, ga wani yaro an fito da shi ranga-ranga, kuma ya gane fuskarsa daga masallacinmu. Mu uku muka fita daga Agege: shugaba, ma'aji da sakatare mai wannan rubutu.

A bakin kwata muka same shi. Ƙartin ƙofa ne suka ajiye shi a nan don kada ya ɓata musu kasuwa. Abokan da suka zo tare sun watse, wayarsa ma ta bi su. Yana numfashi da ƙyar, kumfa a baki, kiɗa kuwa na ta girgiza ƙasa kamar ba abin da ya faru. A asibiti likita ya ce tiramadol ne da kodin aka bi su da giya, kuma haɗin nan numfashi yake dannewa. Allah Ya yi da sauran kwana.

Bayan kwana uku ɗaya daga cikin abokan ya zo da kansa ya ba mu labari. Yaron shekararsa 22, yana taya yayansa harkar canji, kuma ranar kuɗi sun shigo hannunsa. A irin waɗannan wurare, in ka sayi kwalba mai tsada sai DJ ya sauya kiɗa, 'yan mata su taho da ita a sama da tartsatsin wuta, mai makirfo yana kiran sunanka. Shi ne abin da suke kira Dorime. "Alhaji" aka yi ta ce masa, yaron da ko Abuja bai taɓa zuwa ba. Don ya sake jin sunan ya ƙara wata kwalbar, don ya iya tsayuwa ya haɗiyi ƙwaya. Da ya faɗi yana fizge-fizge, wasu waya suka zaro suna ɗauka. DJ yana kan dandamali, ba wanda ya kai shi ganin fili. Maɓalli ɗaya zai taɓa a yi shiru a nemi agaji. Bai taɓa ba.

Mun yi fushi, mun zagi Legas da kulob-kulob ɗinta. Muna cikin haka ma'aji ya ce, "To bikin da aka yi a layinmu watan jiya fa?" Sai kowa ya yi shiru. Mun tuna lasifiku har ƙarfe uku na dare, tsofaffi da masu jego ba barci. Mun tuna samari a bayan rumfa da gorunan lemo waɗanda kowa ya san ba lemo kaɗai ke ciki ba. Mun gani, mun kawar da kai, saboda mai bikin namu ne.

Sai muka kira yaron da ya fi yi mana DJ a bukukuwa. Shugaba ya ce, "Ɗana, me ya sa kuke haka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma ku ne kuke biyana. In na rage sauti abokan ango su ce ban iya aiki ba. In ban wasa mai liƙi ba, gobe wani za a ɗauka. Ba wanda ya taɓa ce min ga lokacin tashi." Maganar ta yi ɗaci, amma gaskiya ce. Laifin tudu ka taka, ka ga na wani.

Matsalar ba ta unguwarmu kaɗai ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yau yana hannun yara. A 2023 hukumar NDLEA ta ba da umarnin farautar masu sayar da iskar nan da ake shaƙa a balan-balan, wadda ta zama ado a gidajen rawa. Liƙin ma da muke alfahari da shi, dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 a kansa.

Ba mu da ikon rufe kulob ko ɗaya a Legas. Amma bikin da ake yi a ƙofar gidajenmu namu ne. Don haka muka zauna da masu DJ ɗinmu muka yi yarjejeniya. Kiɗa zai tsaya ƙarfe 11 na dare, kuma a kashe shi lokacin salla. Ba waƙar batsa, ba waƙar da ke yabon shaye-shaye, ba zuga yaro ya zubar da jarinsa don a kira sunansa. In aka fara faɗa ko wani ya faɗi, kiɗa ne farkon abin da zai mutu. Mu kuma mun ɗauki alkawarin DJ zai karɓi kuɗinsa cif, kuma ba za a bar shi shi kaɗai da fushin abokan ango ba.

Ga samarinmu kuma, roƙo ɗaya: in abokinku ya faɗi, kada ku gudu. Ku kwantar da shi ta gefensa, kada ku ɗura masa komai a baki, ku kai shi asibiti, ku kira mu. Faɗan da za mu yi muku da safe ya fi zaman makoki sauƙi.

Yaron ya warware, ya koma wajen yayansa. Mahaifiyarsa na gida, har yanzu zazzaɓi ta san ya yi. Mai tsiren nan kuwa mun je mun yi masa godiya, ya ƙi karɓar ko sisi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya shirye mu tare da su. Amin.

Sakatare