Gudummawar dole ba gudummawa ba ce

Jama'a, akwai manhajojin da za ka sauke kyauta, kana buɗewa su ce sai ka ba da "gudummawa" kafin wani sashe ya yi aiki. Ni dai a wurina, duk kuɗin da sai ka biya za a buɗe maka abu, ciniki ne, ko wane suna aka sa masa.

Gudummawa ta gaskiya ita ce irin ta VLC da Signal: ka bayar ko ka hana, manhajar za ta yi maka aiki cikakke. Sayarwa kuma ba laifi ba ce, mai haɗa manhaja ma abinci yake ci. WhatsApp kansa ya taɓa karɓar kusan dala ɗaya a shekara, sai a 2016 ya daina.

Ga abin da ya sa na damu. A shago idan na yi wa waya filashin, komai gogewa yake yi. Abin da ka saya ta Play Store yana nan a asusunka na Gmail, kana shiga zai dawo. Cikin awa 48 da saye ma kana iya neman a mayar maka da kuɗinka. Amma wanda ya tura "gudummawa" ta wani shafi na waje aka ba shi lambar buɗewa, in lambar ta ɓace, wa zai kama? Kyauta ya yi, kuma ba a bin bashin kyauta.

Don haka kafin ka biya, duba ta ina kuɗin zai bi, sannan ka adana rasit da lambar a imel ɗinka, ba a cikin wayar kaɗai ba.