Yatsu Goma Sun Fi Biyu: Shirin Jarrabawar Aikin Akawu

Yau ina so mu yi magana a kan wata jarrabawa wadda yawancinmu ba mu san da ita ba sai ran da muka tashi neman aiki, watau jarrabawar buga rubutu da shigar da bayanai cikin kwamfuta. Mace ta iya zuwa da takardun makaranta masu kyau, amma a zaunar da ita minti biyar gaban na'ura, a ce ta tashi. Ba don ba ta da ilimi ba, sai don yatsunta ba su saba ba.

Ni 'yar Tozai ce, cikin ƙasar Illela, kusa da iyakar Nijar. Na gama kwalejin horon malamai a Sakkwato, yanzu ina taimakawa a wata firamare kafin Allah ya kawo aikin dindindin. Kwanan baya wata ƙungiya mai aikin lafiya ta yi shela tana neman matan da za su riƙa shigar da sunayen masu juna biyu da jarirai cikin kwamfuta. Na aika da takarduna, an kuwa kira ni jarrabawa, saura sati uku. Ci ko faɗuwa na Allah ne. Amma abin da na koya cikin wata huɗu da na yi ina horad da hannuna, bai kamata in ɓoye muku shi ba.

Da Gwaggona ta ji labari sai ta ce, "Ke 'yar nan, ba malanta kika karanta ba? Me ya gama ki da aikin akawu, aikin maza?" Na ce, "Gwaggo, in baƙon namiji ya zo ƙofar gida yana tambaya cikinki wata nawa, za ki faɗa masa?" Ta rufe baki, ta ce, "Allah ya kiyaye!" Na ce, "To, ai shi ya sa a ke neman mu." Ban da wannan, Baba ya manyanta, gero ba kowace shekara ya ke kai mu baɗi ba, ga ƙannena uku a makaranta.

Gwaggo tana da gaskiyarta ta wani wajen. A da, akawu namiji ne. A 1947 aka buɗe makarantar horon akawuna a Kongo, Zariya, inda samari suka riƙa koyon aikin ofis, su fito su shiga Gwamnati da En'e. To, amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta bar takarda da fensir ɗungum. Mu malamai ma, jarrabawar samun rajistar koyarwa ta TRCN da kwamfuta a ke yin ta. Saboda haka wannan magana ba ta mai neman aikin ofis kaɗai ba ce, har 'yar sakandare ta shafa.

Abu biyu a ke aunawa, sauri da rashin kuskure. Za a ba ki wani rubutu, galibi da Turanci, a ce ki buga shi cikin 'yan mintoci. Ku lura da yadda a ke lissafi. Kowane bugu biyar, ko harafi ne, ko aya, ko tazarar da ke tsakanin kalmomi, shi a ke ƙirgawa kalma guda. Misali, in kin yi bugu 750 cikin minti 5, kin buga kalma 150 ke nan, watau 30 a minti. In an sami kuskure 10 da ba ki gyara ba, wasu masu aunawa sukan raba 10 ɗin gida 5, su cire 2, ki tashi da 28. Wadda ta kai 40 a minti ta kai matsakaicin gwani. Kowane ofis da adadin da ya ke so, don haka ki karanta sanarwarsu da kyau.

Kada wata ta ce ai ta iya, tun da kullum tana aika saƙo a waya. Waya da manyan yatsu biyu a ke buga ta, kuma ita ke gyara miki kalma in kin yi kure. A ɗakin jarrabawa babu mai gyara miki.

Haruffan allon bugu ba a jere su ke kamar yadda muka koya a aji ɗaya ba. Layin sama yana farawa da Q, W, E, R, T, Y. Wannan jeri gādo ne daga tafiretar da wani Ba'amurke mai suna Sholes ya ƙago, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Layin tsakiya shi ne gidan yatsu. Hannun hagu, daga ƙaramin yatsa zuwa manuni, ya zauna bisa A, S, D, F. Hannun dama, daga manuni, ya zauna bisa J, K, L da maɓallin da ke biye. Manyan yatsu kuwa aikinsu dogon maɓallin nan na ƙasa mai raba kalmomi. In kin shafa F da J za ki ji ɗan ƙullutu a kansu. An yi shi ne don manuni ya gane gidansa ba tare da ido ya duba ba. Kowane yatsa ya tafi aike sama ko ƙasa, ya komo gida nan da nan.

Na san tambayar da ke bakinku: ina muka ga kwamfuta a ƙauye, ina wuta? Ga yadda na yi. Na sami kwalin sabulu, na zana maɓallai daidai girmansu, na manna ƙwayar gero bisa F da J. Bayan sallar Asuba, kafin a hura wuta, sai in aza shi bisa 'yar kujera, in rufe hannuna da ɗankwali, ƙanena ya riƙa kiran haruffa ina taɓawa. Minti goma sha biyar kawai, da safe da kuma bayan Lisha. Sati uku na yi haka. Daga baya na sayi allon bugu na hannu, da 'yar wayar nan da a ke kira OTG, wadda ke haɗa shi da wayar salula. Yawancin wayoyin Android suna karɓarsa, amma ki gwada a gaban mai shago kafin ki biya. Ran Lahadi kuwa, ranar kasuwar Illela, nakan bi Yayana, in shiga shagon kwamfuta in biya kuɗin awa guda, ya riƙe mini agogo. Ran farko kalma 9 na buga a minti. Yanzu ina tsakanin 32 da 35. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Mu mutanen bakin iyaka akwai wani tarko da ya kamata mu sani. Daga Illela zuwa Birnin Ƙwanni tafiya kaɗan ce, kaya kuwa suna ƙetarowa. A Nijar da yawa allon Faransa su ke amfani da shi, wanda layinsa na sama ke farawa da A, Z, E, R, T, Y. A kansa A da Q sun yi musayar gida, haka Z da W, M kuwa ta koma kusa da L. Wadda ta horad da yatsunta a kan wannan, ran jarrabawa a Sakkwato za ta nufi A ta buga Q. Kafin ki saya ko ki ara, dubi harafin farko na layin sama. In Q ne, madalla.

Kashi na biyu shi ne shigar da bayanai. Za a ba ki tarin takardun da aka cika da hannu, suna, gari, shekaru, lambar waya, ki juye su cikin gidajensu, sau da yawa a cikin Excel. A nan lambobi su ne sarakai. A gefen dama na babban allo akwai wani ɗan yanki na lambobi zalla, hannun dama ya zauna bisa 4, 5, 6, ƙullutun yana kan 5. Ki kula, a waya 1, 2, 3 ke sama, a nan kuwa 7, 8, 9 ke sama. In lambobin sun ƙi fitowa, kada gabanki ya faɗi, danna maɓallin da aka rubuta wa Num Lock. Maɓallin Tab shi ke kai ki gida na gaba ba sai kin ɗaga hannu ba. Ctrl da S tare su ke adana aiki, ki yawaita danna su, gama wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Har wa yau akwai tarko biyu. Lambar wayarmu guda 11 ce, tana farawa da sifiri, Excel kuwa yakan haɗiye sifirin farko ya bar miki 10. Maganinsa ki sa alamar hamza kafin sifirin, ko ki mai da gidan na rubutu ba na lissafi ba. Na biyu, kwanan wata. Mu rana mu ke fara rubutawa sa'an nan wata, mutanen Amurka wata su ke farawa da shi. In an rubuta 03/04, wurinmu 3 ga Afrilu ne, wurinsu 4 ga Maris. Ki tambayi mai tsaron jarrabawa wane tsari a ke so tun ba a danna agogo ba.

Abin da ya fi duka nauyi a zuciyata shi ne suna. Wani ya rubuta Muhammadu, wani Muhammad, wani Mohammed. Wata A'isha, wata Aishatu. Ba aikinki ba ne ki zaɓa musu wanda ya fi kyau. Abin da ke kan takarda shi za ki buga, harafi da harafi. Tun 2021 ba mai yin rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma sunan da ke cikin NIN shi zai bi yaro. Na san wata yarinya mai ƙoƙari wadda aka juya mata shekarar haihuwa wajen rajista. Ubanta ya yi ta zirga-zirga zuwa birni yana kashe kuɗin mota, har lokacin rajistar jarrabawa ya wuce ta. Wanda ya buga ba ya ko tuna ta. Saboda haka wannan aiki amana ne, kuma sirrin mutane ne. Abin da kika gani a takardar wata, ba zancen bakin rijiya ba ne. Ki fara neman daidai, sauri zai biyo baya, gama sauri ya kan haifi nawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun jajibiri ki yanke farce, ki haɗa katin shaida da takardar gayyata, ki san inda za ki kwana in hanya da nisa, kuma kada ki yi tafiyar dare. In kin zauna, ki miƙe baya, ki duba ko wutar Caps Lock tana kunne, ki aza yatsu a gidansu, ki yi bisimilla. Idonki ya tsaya kan rubutun da ki ke kwafa. In ta kusa da ke tana ɓarin maɓallai kamar ruwa bisa kwano, kada ki kula ta, ba ki san yawan kurenta ba. Wanda duk ya ce ki ba shi kuɗi ya sama miki gurbi, ki riƙe kuɗinki, ki gaya wa na gaba da ke.

Matan aure, ku shawarci mazanku da ladabi, ku nuna musu cewa koyon ba ya bukatar fita, kwali da ƙwayar gero sun isa a fara. Ko ba ki nemi aiki ba, kin taimaki 'ya'yanki ran da za su zauna gaban na'ura. Iyaye mata, ku sassauta wa yarinya minti goma sha biyar daga cikin aikin gida. A ƙasar da Nana Asma'u ta riƙa aika jajis ƙauye ƙauye su karantad da mata, ba abin kunya ba ne 'ya mace ta koyi sabon alƙalami. Hannun da ya iya saƙa hula da zanen lalle ba zai kasa haruffa 26 ba.

Ni dai ina roƙon ku addu'a. Wadda ta gwada wannan dabara, ta auna kanta yau, ta rubuta adadin a bayan littafi, ta sake aunawa bayan wata guda, sa'an nan ta rubuto wa Edita mu ji inda ta kai. Allah ya ba mu sa'a, ya sa mu riƙe amana. Amin.

Taku,
Malama daga Tozai, Illela.